Esin Motar Baba Bulus

"Zuba mata sabon gas ɗin kawai, Sagiru, mu kama hanya gobe."

Karo na uku ke nan Baba Bulus na faɗa mani haka a safiyar Litinin ɗin nan. Yana zaune bisa benci a ƙofar gidansa, numfashi na fita da ƙyar, ni kuma kaina na cikin bonet ɗin tsohuwar Fijo 505 ɗinsa. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Kambarawa. Shi mutumin Pankshin ne, ya yi aikin gwamnati a Katsina har ya yi ritaya. Ni gyaran esin mota, na'urar da ke sanyaya cikinta, ne sana'ata.

Ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa tun shigowar bazara. Ranar da ya dawo daga asibiti ya ce wa matarsa, Mama Tabitha, ta haɗa kaya, gida zai tafi, kuma a motarsa. Likita ya yarda, amma ya ja kunne kada a yi tafiyar yini guda da shi cikin wannan zafi ba sanyi.

Na sake yi masa bayani. Motar tsohon gas take sha, wanda aka daina kawowa tuntuni. Sabon kuwa ba ya shiri da man da ke cikin kwamfuresa. In na zuba haka nan, za su ji sanyi na ɗan lokaci, sannan kwamfuresa ya cije ya bar su a tsakar rana kafin Zariya. Sai an zubar da tsohon mai, an wanke bututai, an canja robobi da daraya, gwangwanin da ke tsotse laima. Na ce ya ba ni kwana uku.

Ya dube ni ya ce, "Kai wa ya ba ka kwana ukun?"

Na ɗauki sifana.

Ranar Talata na sauke kwamfuresa, na tsiyaye mai baƙi ƙirin kamar zuma ta ƙone. Robobi na samu. Daraya ce ta gagara, na zagaye masu kayan gyara na garin nan ba wanda ke da irinta. Na kira Sule, abokin sana'ata a Kano, ya ce zai ba direba ya taho da ita washegari.

Laraba ta zo, daraya ba ta zo ba. Sau biyu ina zuwa tasha. Baba kuwa ya kasa zama wuri ɗaya. Ya fito ƙofar gida, ya koma ɗaki, ya sake fitowa dafe da bango. Ya sa an ajiye jakarsa a bayan ƙyaure, har Mama Tabitha sai ta buɗe ta duk lokacin shan magani. Ya ce mani an kira shi daga gida, an yi ruwan fari, kuma akwai wani dutse a bayan gidan mahaifinsa da yake so ya zauna a kai ko sau ɗaya.

Matata Ma'u ta tare ni a zaure. "Don Allah ka yi mashi abin da yake so. Mi zai hana?"

Da yamma na maida tsohuwar darayar, na ɗaura geji, na jawo tukunyar gas. Hannuna na kan makunni. Sai a raina na hango su a gefen titi, mota ta tsaya, gilashi a sauke, Mama na yi masa fifita da kwali. Na kwance komai na mayar.

Alhamis bayan azahar daraya ta iso. Na ɗaura, na zuba sabon mai, na kunna injin da ke zuƙe iska daga bututai. Wannan aiki ba a yi masa gaggawa, sai an ba shi rabin awa. Ina tsaye ina kallon allurar geji na ji Mama Tabitha ta kira sunana daga cikin gida. Ba da ƙarfi ba.

Na same shi a kujerar falo, kansa ya karkata gefe. Da takalmansa a ƙafa, igiya a ɗaure. A waje injin na ta kaɗawa.

Washegari na ƙarasa aikin, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Sanyi ya fito har yana cizon yatsu.

Ranar Asabar ɗansu Stephen, wanda ya zo daga Kaduna, ya karɓi makulli. Gawar na cikin motar asibiti a gaba, su za su bi ta a baya a Fijon har Pankshin. Na durƙusa gefen tagar Mama na ce da na bi maganarsa ranar Litinin, wataƙila da ya ga gida.

Ta ce, "Ban sani ba, ɗana. Ni ma ban sani ba."

Motar ta jima a kunne, mutanen unguwa na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi mata sallama ta taga. Da suka sha kwana kowa ya watse, sai ni. Inda Fijon ta tsaya, ruwan esi ya ɗiga ya jiƙa ƙasa, faɗin tafin hannu. Na tsaya a kansa har rana ta shanye shi.