Fure a Kan Lasisi

Sakataren ƙungiyar ungozomomi ya juyo da allon kwamfutarsa ya ce, "Injiniya, zo ki gaya min wace ce wannan."

Jan fure ne da raɓa a jikinsa, an rubuta Barka da Safiya da ruwan zinare. A ƙarƙashinsa akwai sunan wata ungozoma da lambar lasisinta.

Injiniya ta matso kusa da allon. Yau da an tashi aiki hukuma za ta rufe shafin sabunta lasisi, kuma duk wadda hotonta bai shiga ba sai ta ajiye safar hannu har baɗi. An ce ungozomomin su aiko da hoton fasfo ta imel, su kuwa suka riƙa liƙa shi a cikin jikin saƙon. Injiniya ce ta ce kada kowa ya wahalar da kansa, za ta rubuta 'yar manhaja. Har bayani ta yi a taro: saƙon imel sassa-sassa ne, rubutu daban, hoto daban, kuma hoton ba ya tafiya a hotonsa, sai an mayar da shi dogon jerin haruffa marasa kai da gindi. Manhajar za ta buɗe kowane saƙo, ta nemo hoton farko, ta mayar da haruffan su koma fuska. Aka tafa mata sosai, tunda ba wanda ya gane.

"Guda ɗaya ce ko?" ta tambaya.

Sakatare ya gangara da shafin a hankali. Fure. Fure. Kofin shayi yana tururi. Fitowar rana. Fure.

"Lambu muka yi wa rajista," in ji shi. "Shugaba tana hanya, kuma kin san ba ta da sha'awar shuke-shuke."

Ta koma teburinta ta buɗe cikin saƙo ɗaya. Sashen farko fure. Na biyu fuskar wata dattijuwa da ta ƙura wa kyamara ido kamar tana hararar mai naƙudar da ta ƙi jin magana. Sai a lokacin ta ga inda ta kwafsa. Shekarun da ta yi a jami'a ba wanda ya tuna mata cewa waɗannan matan ba sa fara magana da buƙata. Sai sun gaisa tukuna, ko da kwamfuta ce.

"Ki ce manhajar ta ɗauki na ƙarshe mana," in ji Sakatare, yana tsaye a kanta.

"Na ƙarshe tattabara ce, Malam. An rubuta A Huta Lafiya."

Nan da nan ta sauya umarnin: a tsallake gaisuwa, a tsallake sallama, a ɗauki na tsakiya. In hoto ɗaya ne tak a saƙon, a ɗauke shi haka nan, mai shi ba ta da tarbiyya ne kawai. Abin da bai shiga ko ɗaya ba a ware mata. Ta danna. Fuskoki suka fara fitowa, tana turawa, shafin hukuma yana juyi yana tunani kamar shi ma yana jiran a gaishe shi. A waje masu shara sun fara jan kujeru.

Saƙo ɗaya aka ware. Hotuna biyu ne a ciki, fure da tattabara, babu komai a tsakani. Ta duba sunan. Gwaggonta ce, yayar babanta, wadda ta karɓi haihuwarta, kuma ta samo mata wannan aikin.

Ta kira.

"A'a, 'yar gidana! Ya aiki? Ya gajiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Dama..."

"Ya ƙafar babanki? Yana shafa maganin kuwa?"

Sakatare ya nuna mata agogon bango da haɓa.

"Yana shafawa. Gwaggo, hoton..."

"Ya mamanki? Ya su auta? Wai ni kam an samu ruwa a wajenku?"

Wani jan rubutu ya fito a saman shafin yana gargaɗin an kusa rufewa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa katse babba yana gaisuwa ba.

"Gwaggo, ki bar gaisuwar nan! Ki ɗauki hoton fuskarki ki turo yanzu-yanzu, in ba haka ba babu ke babu ɗakin haihuwa bana!"

Sakatare da kansa ya sunkuyar da kai.

"To," in ji Gwaggo, ta kashe wayar.

Injiniya ta zuba wa akwatin saƙo ido. Ba ta san ko Gwaggo tana neman kyamara ne ko tana kiran babanta ba. Ta sabunta shafin, babu komai. Ta sake. Motar Shugaba ta tsaya a ƙofa.

Saƙon ya shigo. Manhajar ta cafke shi nan take ba gardama, fuskar ta fito, a murtuke, ɗankwali a karkace. Ta tura, shafin ya karɓa, sannan ya rufe.

"Kin ga aikin ilimi," in ji Sakatare. "Wannan karon ko tuntuɓe ba ta yi ba."

Injiniya kuwa tana kallon cikin saƙon ne. Hoto ɗaya ne tak, babu fure, babu tattabara.