Tulun Small Heath

Turai tana tsakiyar wanke-wanke a kicin ɗinta na unguwar Gorton, a Manchester, ta ga bidiyon. Batulu ce ta ɗora a status, wata ƙawarta Musulma da suka yi makaranta tare a Zariya, wadda yanzu take aure a Small Heath, can Birmingham. A ƙasa ta rubuta: "Maƙwabtana sun hana ni barcin Lahadi, amma fa waƙar da daɗi." Wani falo ne an ture kujerunsa gefe, cike da mata da yara. A tsakiya ga Asabe, 'yar zumuntarsu da ke zaune a Birmingham, ɗaure da zanin Zumuntar Mata, ta sa tulun kiɗa a tsakanin ƙafafunta tana dukan bakinsa.

Turai ta goge hannu a jikin zani, ta sake kallo. 

Zumuntar Kiristoci masu jin Hausa tulu ɗaya take da shi, kuma yana Manchester. Marigayiya matar Baba Tomas, dattijon zumunta, ita ta ɗauko shi daga gida a kan cinyarta cikin jirgi. Duk Lahadin farkon wata ake sujada da Hausa a wani ɗakin taro na Gorton, 'yan gidajen da ke Birmingham kuwa su taso tun safe su zo. Shekarun baya wani ɗan'uwa ya fara tara mutane a gidansa, ya ce addu'a ce kawai. Kafin a farga ya buɗe cocinsa a wani tsohon sito a Cheetham Hill, ya kwashe rabin jama'a. Godiya, 'yar Turai, ta daɗe tana tambayar ina ƙawayenta suka tafi. Tun daga nan dattawa suka kafa doka: ba mai tara jama'a da zanin zumunta da kiɗa sai da saninsu.

Ga shi kuma tun bayan Kirsimeti ba a ga ƙeyar Asabe a Gorton ba. Kullum sai ta ce shift ne a wurin aiki.

Turai ba ta jira Habu mijinta ya dawo daga aiki ba. Ta tura bidiyon cikin group ɗin zumunta, ta bi shi da murya. "'Yan'uwa, ku gani da idonku. Haka wancan ya fara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni dai ba zan zuba ido a sake raba mana 'ya'ya ba."

Kafin yamma group ya kama da wuta. Mutanen Birmingham suna ciki, sun ji komai, ba wanda ya ce uffan. Wannan shirun ya ƙara tabbatar wa Turai da abin da take zato.

Ranar sujada, bayan an tashi, aka zauna a kan maganar. Wasu suka ce a cire Birmingham daga zumunta kawai, a karɓe zanin. Turai ita ce malamar yara, ta san tarihin Isra'ilawa kamar tafin hannunta, don haka ta miƙe.

"Baba, mutum ɗaya ne ya ɓoye kayan da Allah ya hana a ƙarƙashin tantinsa, amma dukan Isra'ila aka kora a fagen yaƙi. Wake ɗaya ke ɓata gari. In an yi doka, a bi ta."

Baba Tomas ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Malama Turai, karatunki daidai ne, sai dai kin sauka mota ba a iso tasha ba. Ki yi gaba kaɗan. Da aka gama raba ƙasa, akwai kabilun da rabonsu ya faɗa a hayin Urdun. Suna komawa gida suka gina wani ƙaton bagade a bakin kogi. Labari ya iso wa sauran, suka ce shi ke nan, 'yan'uwanmu sun yi tawaye, kowa ya ɗauko makami. Amma kafin a zare takobi, me aka yi?"

"An aika mutane su tambaya," in ji Turai, murya ƙasa-ƙasa.

"To. Lahadi mai zuwa za mu haye kogi. Ke da kika gani, da ke za a je."

Habu ne ya ja motar. Baba Tomas yana gaba, Turai da Godiya suna baya. Yayyafi ake ta yi a babbar hanyar M6, manyan motoci suna watsa musu ruwa.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Habu, yana kallonta ta madubi, "Asabe ce ta kwana da ke a asibiti ranar haihuwar yarinyar nan. Kina da lambarta. Yatsan da ya tura bidiyo ba zai iya kira ba?"

"Baban Godiya, ka dubi hanya."

"Ina duba. Hanyar ce ma ta fi ki sauƙin kai."

Baba Tomas ya yi dariya har da tari. Turai ta juya ta gyara wa Godiya bel ɗin kujera, duk da babu abin da ya same shi.

A Small Heath da ƙyar suka sami wurin ajiye mota. Gidajen a manne suke da juna kamar haƙora, ƙamshin gasasshen nama yana fitowa daga shagon halal na kan kwana. Tun daga bakin titi ake jin tulun, dum, dum, da muryoyin yara. Suna isa ƙofar sai ga Batulu ta leƙo daga gidan da ke jiki, da mayafi a kafaɗa.

"Lale, Turai 'yar Zariya! Ashe ana ganinku? Kin ga bidiyona, ko? Ai na san zai yi miki daɗi. Ni fa na kawo musu tulun nan, a cikin kayan sawata na naɗe shi. Mutanen filin jirgi suka yi ta juya shi suna tambaya wai me ake dafawa a ciki."

Turai ta yi yaƙe, ta ce sannu da ƙoƙari.

Asabe ce ta buɗe ƙofa. Ta durƙusa ta gaida Baba Tomas, ta gaida Habu, sannan ta dubi Turai ta ce, "Maman Godiya, sannunku da hanya." Babu fushi a muryar, babu kuma fara'a. Suka tsallake tarin takalma suka shiga falo.

Yara sun yi layi a jikin taga. A gaba akwai Rahila, 'yar Asabe, sa'ar Godiya, bakinta buɗe tana tsakiyar waƙa. Tana ɗora ido a kan Turai waƙar ta mutu a bakinta. Ta sulale daga layin, ta kewaya bayan kujera ta tsuguna, kitsonta kaɗai ake hangowa.

Turai ta lura, ta yi mamaki. Ita da yara ke rububin rungumarta.

Aka kawo ruwa da cincin. Baba Tomas ya yi addu'a gajeriya, sannan ya ce, "Maman Rahila, ba faɗa ya kawo mu ba. Tambaya ce. Kun san doka. Wannan tulu na mene ne?"

"Na koya wa yara waƙa ne, Baba. Ba wa'azi, ba baiko, ba komai. Waƙa kawai."

"To me ya hana a gaya mana? Me ya hana ku zuwa tun Kirsimeti?"

Asabe ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta. Wata mata daga gefe ta ce, "Ki faɗa mana, Asabe. An ce mun yi tawaye, kin hana mu magana. Yau dai ki faɗa."

"Baba, ban so in kama suna ba." Ta yi ajiyar zuciya. "Ranar Kirsimeti, da yara suka fito waƙa, Rahila ta bi su ta tsaya a gaba. Ba ta iya ba, baki kawai take motsawa. Mu sau ɗaya a wata muke zuwa, su kuwa na Manchester kowace Asabar suna koyo. Sai aka kama kafaɗarta aka ce ta je ta zauna wurin mamanta, wannan na yaran cocinmu ne."



Da farko Turai ta ji haushin ko wace ce ta yi wannan. Sai kuma abin ya dawo mata, ɗaya bayan ɗaya. Jan rigar yarinyar. Habu yana tsaye da waya zai ɗauki Godiya, ita kuwa Rahila ta tare ta. Hannu a kan ƙaramar kafaɗa. Hannunta ne. Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba, ta koma ta ci gaba da ba da amshi, ba ta sake tunawa ba sai yau.

"Tun daga Gorton take kuka har muka wuce garin Stoke, wajen rabin hanya," in ji Asabe. "Tana tambayata da Turancinsu, wai Mummy, mu ba 'yan coci ba ne? Wata na zagayowa ta ce ita ba za ta ba. Na lallasa, na yi faɗa, ta kafe. Shi ne muka zauna da matan nan muka ce, yau an faɗa wa ɗaya, gobe in mun kau 'ya'yan can za su ce wa namu ba ku da rabo a nan. Bari mu koya musu waƙoƙin tun yanzu, irin na can sak, da irin tulun can, yadda ranar Ista za su tsaya a layi ba wanda zai ce su koma. Zanin kuwa mun ɗaura ne don su san mu da Manchester abu ɗaya ne."

Baba Tomas ya dubi tulun.

"Da aka tambayi mutanen hayin kogi," ya ce a hankali, "kusan amsar da suka bayar ke nan. Ba don hadaya suka gina ba, don shaida ne, kada 'ya'yan wancan haye su ce wa nasu kogi ya raba mu." Ya juya ga Asabe. "Amma kin yi kuskure ɗaya. Doka ba ta san kyakkyawar niyya ba sai an gaya mata. Da kin kira ni."

"Na yi kuskure, Baba. A gafarce ni. Na ga in na faɗi dalili, sai na faɗi wanda ya jawo. Ko a group ma abin da ya rufe mini baki ke nan."

Bai tambayi ko wane ne ba. Bai ko kalli inda Turai take ba, Habu ma ya tsura wa kafet ido. Da ma zaginta suka yi da ya fi mata sauƙi. Ta tsaya a gaban jama'a tana neman wanda ya binne mugun abu a ƙarƙashin tanti, ashe a kan nata tantin take tsaye. Matar da ta tona a gaban kowa kuwa, makonni ta yi tana shan zargi don ta rufa mata asiri.

Godiya ta ja hannunta. "Mummy, ai ke ce. Na gani."

"Na sani," in ji Turai. Ta ɗaga murya ta ce, "Ni ce, Baba. Ni ce."

Ta tashi, ta kewaya bayan kujera ta durƙusa a kan gwiwoyinta daidai tsayin yarinyar. Ba ta taɓa ba yaro haƙuri ba, ba ta san ta inda ake farawa ba.

"Rahila. Abin da na faɗa miki ba gaskiya ba ne. Cocinki ne. Ni ce na yi laifi, ba ke ba. Ki yi haƙuri, kin ji?"

Yarinyar ta dube ta, ta dubi uwarta. Ba ta dai fito ba.

Turai ta juya ga Asabe, har yanzu a durƙushe. Asabe ta ɗaga mata hannu. "Tashi, Maman Godiya, kada ki sa ni kuka a gaban yara. Ya wuce."

"Bai wuce ba tukuna," in ji Baba Tomas. "Waɗanda aka aika hayin kogi ba su tsaya shan ruwa kawai ba. Sun koma sun gaya wa jama'a abin da suka tarar, sannan kowa ya ajiye makami. A Manchester har yanzu akwai masu jiran a karɓe zani. Ta ƙofar da labari ya fita, ta nan zai koma."

Turai ta ɗauki wayarta ta fita ɗan siririn lungun da ke bakin ƙofa, ta tsaya a cikin takalman mutane. Ta danna, ta fara da cewa an sami rashin fahimta, sai ta tsaya ta goge. Ta sake farawa da cewa Shaiɗan ne ya shiga tsakani, nan ma ta goge. Ta jingina da bango, ta share fuska da bakin ɗankwali.

A falo tulun ya sake tashi. Ta ƙofar da ba a rufe ba ta hango yaran suna komawa layi. Rahila ta fito daga bayan kujera ta tsaya a wurinta na gaba. Godiya tana rakuɓe a gefe, wannan waƙar ba ta iya ta ba, a Manchester ba su kai gare ta ba tukuna. Rahila ta dube ta, ta ɗan matsa, ta bar mata wuri.

Turai ta danna wayar ta riƙe.

"'Yan'uwa, Turai ce, daga Birmingham nake magana. Abin da na faɗa a kan Asabe ba haka yake ba. Ba wanda ya ɓalle. Ku saurara, zan gaya muku abin da ni na yi ranar Kirsimeti."