Dodanni Ashirin da Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kwance dilar gwanjo a kasuwar Kantamanto. Turawa ba sa laluben aljihu kafin su zubar da kaya, ni kuwa ina lalubawa. A aljihun wata rigar sanyi na fara tsintar dodon roba, kore, mai bakin kada, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Daga nan duk wanda ya tsinci irinsa a layinmu sai ya miƙo mini, ana dariya. A 1988 sun kai ashirin da bakwai, jere a kan katako a ɗakina na unguwar Maamobi. Akwai mai ido ɗaya, akwai mai fikafikan jemage da hannunsa ke motsi.

Ban taɓa jin kunyarsu ba. Ina yaro a unguwar Nima da lakar bakin kwata nake gina irinsu, kafin su bushe ko ruwa ya cinye ko Baba ya take. Ban taɓa riƙe abin wasa kwana biyu ba. Na girma na samu waɗanda ba sa narkewa, shi ke nan.

Sai mahaifiyarmu, Mma Awabu, ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Ɗakinta na Nima ruwa na shiga duk damina. Nawa a kan tudu yake, ga matata Azara tana gida za ta kula da ita. Muka ce a dawo da ita wurina, tsohuwa ce ta ƙi. Ta faɗa wa yayana Mahama ba za ta kwanta jiran ajali a ɗakin da mala'ikun rahama ba sa shiga ba, saboda gumaka.

Na ce zan zuba su a akwati, in tura ƙarƙashin gado. Ta aiko cewa mala'ika ba makaho ba ne. Kasuwa kuwa teburi gare ni, ba shago ba, in na kai su can kafin azahar an kwashe su. Azara ta ce in raba wa yaran gida. Na san yadda yaran gidan nan ke tauna abu, na ƙi.

Mahama ya je wajen malaminsu ya dawo da magana: siffa in an cire mata kai ta tashi daga siffa, mala'iku za su shiga.

"Garuba, dubi furfurarka," in ji shi. "Mma na kwance a kan tabarma mai laima, kai kana nan kana shawara da roba."

"Yaya, ba ni wuƙar kawai."

Ranar Lahadi da hantsi na zauna a bakin ƙofa da wuƙar da ya aro wajen mahauci. Roba mai tauri ce, sai na danna da gwiwa. Shi yana tsaye yana tara kawunan a leda, don ya ce bai yarda da ni ba. Da muka zo kan wani ja da ba shi da wuya, fuskarsa a cikinsa take, muka tsaya. Na ce wannan ba shi da kai tun daga Turai, a bar shi. Mahama ya juya shi gaba da baya, ya ce malam bai yi maganar irin wannan ba, amma Mma za ta ga idanun. Na raba shi biyu.

Ya ƙulle ledar ya tafi da ita. Ban tambaye shi inda ya kai ba. Na mayar da gangar jikinsu kan katakon.

Da la'asar aka kawo ta a tasi, ni da Mahama muka ɗauko ta. Ta sa aka tsaya da ita a gaban katakon, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da idonta mai lafiya.

"To, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "A kwantar da ni."

Kwana uku na bar su a wurin. Mala'iku sun yarda, tsohuwa ta yarda, ni ne na kasa kallonsu. Na share su cikin buhu na ba mai kwasar shara. Azara ta goge katakon ta jera magungunan Mma a kai.