Ƙafa a Gefen Hoto

"Kashe masa murya," in ji Dogo daga kan gado.

Tela ya danna rimot, mai sharhi ya ci gaba da motsa baki babu sauti. Haka suke kallon ƙwallon kwando a ɗakin nan tun Dogo yana da idanunsa. A wurinsa masu sharhi 'yan surutu ne kawai, ba abin da suka sani sai sunan wanda ya jefa ƙwallo a raga. Masu ɗaukar hoto kuwa sun fi su laifi, duk inda ƙwallo ta yi nan suke bi, sai ka ce sauran 'yan wasan shan iska suka zo. Da ciwon suga ya cinye masa gani, sai maƙwabcinsa Tela ya zama idonsa. Ranar wasa yakan rufe shago da wuri, ya zo da zare maƙale a riga, ya zauna yana faɗa masa abin da ke faruwa. Ya sha faɗa kafin ya iya aikin. Da ya ce wane ya ci, sai Dogo ya daka masa tsawa, ya ce shi ba wannan ya tambaya ba, wa ya buɗe masa hanya?

Yau dai babu ƙarfin tsawa. Tun da asibiti suka ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, muryarsa ta koma can ciki. Abu ɗaya ya riƙe shi a farke. Gidan talabijin sun yi ta sanarwa cewa a hutun rabin lokaci za su nuna guntun tsohon wasan ƙarshe, wanda ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ta ci kofi. Dogo yana cikin ƙungiyar. Autarsa, wadda ke jinyarsa, an haife ta ne bayan ya bar wasa, ba ta taɓa ganin ubanta a fili ba, kuma ko hoto ɗaya ba shi da shi. So yake ta gan shi sau ɗaya tsaye da ƙafafunsa.

Kafin hutun ya ɗan taɓa mitar da ya saba. Yaran yanzu, a cewarsa, takalma masu kyau, zuciya babu. A taɓa mutum kaɗan ya zube yana neman alƙali da ido. Su a zamaninsu daga kan injin saƙa suke wucewa fili, auduga a gashi, su yi gudu har riga ta manne a baya. Tela ya ji wannan magana har ya haddace, da can ma yakan tsokane shi ya ce ai tsufa ne ke ƙara wa da zaƙi. Yau tausayi ya hana shi.

Aka tafi hutu. Auta ta ajiye kofin magani ta matso gaban talabijin har ta kusa tare shi. Hoton ya fito baƙi da fari, dishi-dishi, mutane suna gudu da gajerun wanduna. Tela ya ware ido. Ga wani siriri da ƙwallo, ga shi ya jefa, ga 'yan kallo sun miƙe. Aka sake nuno siririn, aka kuma. Dogo kam babu shi babu alamarsa, kuma hoton yana ta tafiya.

"Ina ciki?" in ji Dogo.

Tela ya dubi Auta, ya ga idonta ya kawo ruwa. Bakinsa ya riga shi.

"Ga ka nan, Dogo. Ƙwallo a hannunka, ka yi tsalle, ka jefa. Ta shiga."



"Tela," in ji Dogo a hankali, "ban jefa ko ɗaya ba a wasan nan. Ba aikina ba ne. Duk zaman da muka yi, ashe kai ma ƙwallo kake bi."

Kunya ta rufe Tela, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Wallahi ya yi ne don ya faranta masa, ga shi ya ɓata. Ya mai da ido kan talabijin, ya bar siririn da ƙwallonsa, ya bi gefe-gefe yadda aka koya masa. Can ƙasa ta hagu, inda hoton ya yanke, ya hango ƙafa ɗaya, doguwa, an naɗe idon sawun da farin ƙyalle. Wani ƙato ya taho a guje zai tare siririn, ya yi karo da mai ƙafar, ya koma baya taga-taga. Siririn ya wuce salin-alin.

Tela ya faɗa masa haka, bai ƙara komai ba. Ya ce ƙafa ce kawai, ko gwiwa ba a gani sosai.

"Ta motsa?"

"Ba ta motsa ba."

Dogo ya saki numfashi mai tsawo, bakinsa ya ɗan buɗe da murmushi.

"To, ni ne. Auta, kin gani?"

Kafin ta gano wurin da Tela ke nuna mata da yatsa, an sako tallar sabulu. Ba ta iya yi masa ƙarya ba, bayan wadda aka yi yanzu. Ta kama hannunsa kawai ta riƙe, shi kuma bai sake tambaya ba. Aka dawo wasa, Tela ya ci gaba da bayani, har ya lura barci ya ɗauke mai sauraron.

Washegari da hantsi Tela yana kan keken ɗinki ya ji kuka ta katanga. Ya cire ƙafa daga feda, ya yi salati, sannan ya shiga gidan. An ja labule, an rufe Dogo da zanen gado. Zanen bai kai ba, ƙafafun sun leƙo ta ƙasa, busassu, da wani tsohon tabo a idon sawun hagu.

Auta ta kama bakin zanen za ta ja ta rufe su. Sai ta tsaya, zanen a hannunta, tana kallonsu.