Na Karɓa, Yaya

Wuƙar injin yankan takarda ta sauko, ta kuskure babban yatsan Dogo da ƙyar, ta tafi da bakin hannun rigarsa. Sai a lokacin ya buɗe ido. A tsaye barci ya sace shi, hannunsa a kan tulin takardun jarrabawar wata makaranta.

Maigidan maɗaba'ar ya kashe injin. Mutum ne mai faɗa kamar biyansa ake yi, amma yau a hankali ya yi magana, kuma wannan ne ya fi tsorata Dogo.

"Karo na uku ke nan a satin nan. Ba zan tsaya tsintar yatsunka a ƙasa ba. Ko ka yi barci, ko ka nemi wani aikin."

Ina Dogo ya ga barcin? Shekara uku mahaifiyarsa na kwance, ɓarin jikinta a shanye, shi ke juya ta duk bayan awa biyu cikin dare don kada bayanta ya yi gyambo. Wata biyu ke nan da rasuwarta, amma jikinsa bai samu labari ba. Lokacin juyi na yi sai ya farka, ya je ya tarar da gado ba kowa, daga nan ido biyu har gari ya waye. Maganin asibiti ciwon kai kawai ya ƙara masa.

Tsohon da ke ɗinkin littattafai a lungu ya ajiye allurarsa. "Tana raye, yaushe kake samun barcin kirki?"

"Da sassafe, Baba, in ƙanwata ta zo."

"In ta zo me take cewa?"

Dogo ya ce, "Takan ajiye jaka ta ce, 'Na karɓa, Yaya.'"

"Tun rasuwar ta sake faɗa maka?"

"To me za ta karɓa?"

"Ai ka ji inda matsalar take. Har yau kana bakin aiki, ba a karɓe ka ba. Ni ma wata biyar na yi ina ɗora wa matata ruwan zafi bayan ba ta."

Maigidan ya yi tsaki, amma ya karɓi wayar Dogo ya fita da ita. Da ya dawo sai ya manna masa a kunne. Kukan ƙanwarsa ya fara ji, sannan ta gyara murya.

"Yaya, kana ji na? Na karɓa. Je ka kwanta."

Kunya ta kama shi, a ransa yana cewa wannan ai wasan yara ne. Don gudun gardama kawai ya shiga ɗakin ajiya ya kishingiɗa a kan ragowar takardu.

Da ya farka, agogon bango ya nuna huɗu da rabi. Awa shida cur. Wurin tsit, babu ƙarar inji ko ɗaya, alhali gobe da safe za a zo ɗaukar aikin. Ya leƙo, sai ga ma'aikata zaune suna naɗe takardu da hannu, maigidan a tsakiyarsu, nasa naɗin duk a karkace.

Godiya ta cika wa Dogo ƙirji. "Maigida, ni ban san..."

"Kada ka fara min kuka a kan takardun mutane, jiƙewa za su yi," in ji maigidan, ko ɗaga kai bai yi ba. "Je ka wanke fuska. Injinka na nan, ban ba kowa ba."