Hannun Baba Umara

A Shehuri, in aka ambaci Baba Umara mai wankin hula, sai a ce, "Kurman nan? Ai ya fi masu baki surutu." Ko wanda bai san maganar hannu ba, in Baba na ba da labari sai ya riƙe ciki. Yanzu kuwa cewa ake tsufa ne ya sanyaya shi. 'Yarsa Lauratu ta san ba tsufa ba ne.

Ita tana ji, kuma tafinta ce a kwamitin da ke haɗa littafin alamomi guda ɗaya don makarantun kurame. Ita ta ɗauke shi a keke napep zuwa taronsu a Bulumkutu, wai ya nuna irin na da.

Shugaban taron, Malam Yoila, shi ma kurma, ya tambaye shi yadda yake cewa "uwa". Baba ya kai hannu kafaɗa ya yi kamar yana jan gefen lafaya, sau biyu, yadda marigayiya matarsa take yi in za ta fita. Da wannan alamar Lauratu ta kira uwarta tun tana rarrafe. Matasan da suka yi makaranta suka tuntsire da dariya, wani ya kwaikwaya kamar mai korar ƙuda.

Kunya ta rufe Lauratu. Ta kama wuyan hannunsa ta sauke, ta lanƙwasa masa yatsu yadda kwamiti ya tsara. A gaban kowa.

Bai ƙwace ba. Da ta sake shi, ya dai dube ta, ya zura hannuwan a aljihu.

Tun ranar, ko me ta ce masa sai gyaɗa kai. Kullum cewa take gobe za ta ba shi haƙuri, har damina biyu ta wuce. Littafin ya fito, babu alamarsa a ciki. Ciwon yana kuma ya rufe wa Baba ido.

Wata Laraba da hantsi ta same shi zaune a zaure. Ta durƙusa, ta yi masa alamarsa ta jan lafaya a kafaɗa sau biyu. Ta sake.

Maƙwabciyarsu Saude ta leƙo. "Ke Lauratu, wa kike wa? Ai ba ya ganinki, 'yar nan."

Rabonta da taɓa hannunsa tun Bulumkutu. Ta kai nata kusa da nasa, ta jira har shi ya laluba ya kama. Sannan ta ɗora tafinsa a maƙogwaronta don ya ji motsin muryar.

"Baba," ta ce da ƙarfi, "na yi maka laifi. Ka yafe mini."