Kek Ɗin Torben

A makarantar kuɗin da Solvej ke koyar da lissafi, can bakin ruwa a Jutland, ba a cewa “a yi haƙuri”. Duk wanda ya tafka kuskure, washegari sai ya kawo kek ɗakin malamai, a ci a manta. Kowa ya taɓa kawowa ban da Torben, shugaban makarantar, wanda a ganinsa kuskure ciwon wasu ne.

Solvej ce ta yi ta bin malamai har suka shiga ƙungiyar ƙwadago, don ta gaji da kwantiragin shekara-shekara, kowace bazara mutum bai san ko zai dawo ba. Ba a daɗe ba Torben ya kira ta ofis, ya ce ba za a sabunta nata ba, wai darussa sun ragu. Lissafi ne zai ragu? Ta san dalilin, shi ma ya san ta sani. Tsoro ya kama ta sosai, ga 'ya'ya biyu, ga shi babu wata makaranta a kusa.

Ranar Litinin aka taru a zaure don waƙar safe kamar kullum. Gunvor, tsohuwar malamar da ke kaɗa piyano, ta zauna ta naɗe hannu. Malamai ma suka ƙi yin waƙar, don mara wa Solvej baya. Torben ya ɗauko waƙa shi kaɗai, muryarsa kamar ƙyauren da ya yi tsatsa, yara na ƙunshe dariya, iyayen da suka rako su na kallo daga baya. Haka aka yi ta yi har mako ya kusa ƙarewa, amma Torben bai janye ba.

Solvej ta fid da rai, ta shigo ɗakin malamai da kwali don ta fara kwashe kayanta. Sai ga kek a kan tebur, gefensa a ƙone.

“Wa ya yi ɓarna kuma?” in ji Gunvor.

Torben na tsaye bakin taga da kofin kofi. “Ni na gasa.”

“Ai da gani,” in ji Gunvor. “Matarka ta ƙi taimakonka ke nan?”

“Ita ma ta daina yi mini magana.” Ya juyo. “Solvej, ajiye kwalin nan. Aikin naki ne, na dindindin. Sauran kuma ku turo wakilinku mu zauna.”

“Ni ce wakiliyar.”

“Na sani,” ya ce, ya miƙo mata wuƙar yanka kek.

Ta zauna, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Kek ɗin ya bushe, ga ɗaci, sai da kofi yake wucewa. Gunvor ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta miƙe ta nufi wajen piyano a zaure tana murza yatsu. Solvej kuwa ta yanko na biyu.